Abin da Na Sa a Bakin Fatalwa

Da Sallar layya da ta wuce, lokacin da kuka taru duka a gidan nan, Nasiru ya tono wani tsohon fim a wayarsa, ya jingina ta da kwanon sha, kuka kewaye ta kuna dariya har Zara'u tana share hawaye. Ina gefe a kan tabarma ina yanka nama, ban kula ba, sai da na ji an ƙwanƙwasa ƙofa sau uku a cikin wayar, aka dakata, aka ƙara ɗaya. Kafin in ɗaga kai na san fim ɗin. Kun tuna na ajiye wuƙar na shige ɗaki, kuka ce tsoho ya ji tsoro. Ban ba ku amsa ba a ranar. Ga ta yanzu, kuma ta fi yadda kuke zato tsawo, domin a cikinta akwai Kawu Laminu, yayan mahaifiyarku, wanda kuka tashi kuna jin ana cewa girman kai ya hana shi zuwa sunan ko ɗaya daga cikinku. Ba shi da girman kai ko kaɗan. Mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, ta bar ku a kan wannan zato don ta rufa mini asiri, ni kuma na yi shiru na bar ta ta rufa.

Ban ga laifinku ba da kuka yi dariya. Washegari na ce wa Nasiru ya bar mini wayar, na sa gilashina na kalle shi daga farko har ƙarshe. Abin da kuka gani ni ma na gani. Fuskar mataccen gari aka shafa mata, har yana zuba a wuyan riga. Watan da ke taga kwali ne. Wurin da kujera take tafiya da kanta, ga zaren da ake jan ta da shi a fili. Ku da kuka saba da finafinan yanzu, inda aljani yake fitowa tun minti na farko da haƙora cike da baki, jini yana tsartuwa kamar an fasa famfo, dole wannan ya zame muku wasan yara. Abu ɗaya na ga bai tsufa ba a cikinsa, shi ne yadda yake sa mutum jira. Ƙofa takan buɗe, ba kowa, hoton ya tsaya a kanta ya ƙi motsi, har mai kallo ya fara cika ƙofar da abin da ke ransa. Ku kun cika ta da barkwanci, don kuna gida, ga haske, ga nama a wuta, ba wanda kuka bari a baya. Mu da muka kalle shi shekara talatin da suka wuce, kowa akwai abin da ya taho da shi daga hanya.

Na zo Tamanrasat daga Damagaram ina saurayi, da jaka ɗaya da sunan wani ɗan unguwarmu a takarda. Shekara biyar na yi ina ɗaukar bulo da kwaɓa siminti, har bayana ya fara ƙara. A cikin shekarun nan na koma gida na auri mahaifiyarku Barira, na kawo ta, muka kama ɗaki biyu da ɗan tsakar gida a unguwar Tahaggart, cikin 'yan uwanmu 'yan Nijar. Laminu abokina ne tun muna lekkol, makarantar boko, benci ɗaya muka zauna, kuma shi ya shige mini gaba wajen neman aurenta. Shekara ɗaya da zuwanta ya biyo mu, shi da autansu Sha'aibu, saurayi ɗan shekara ashirin. Shi kaɗai ya iso. Labarin da ya kawo, wanda ya aika gida kuma ya maimaita wa Barira, shi ne kamyon da suka shigo, babbar motar kaya, ya lalace a sahara kafin iyaka, zazzaɓi ya kama Sha'aibu, ya cika, kansa na kan cinyar yayansa, da kalmar shahada a bakinsa. Barira ta yi kukanta ta gaji, ta ce alhamdu lillahi tunda bai mutu shi kaɗai ba. Wannan maganar ce ta riƙe ta.

Da na bar aikin bulo sai muka buɗe ɗakin nuna bidiyo, namu ne mu biyu, ni da Laminu. Wani tsohon gareji muka kama a bayan kasuwa, muka toshe tagoginsa da barguna, muka shimfiɗa tabarmi, muka ɗora tele, wato talabijin, a kan ganga. Kaset a kwali nake sayensu wurin wani Balarabe da ke kawowa daga arewa, yawanci ba suna ba hoto, sai ka sa ka ga abin da Allah ya ba ka: na Indiya, na Masar, na 'yan dambe, da wasu tsofaffi baƙi da fari cikin harsunan da ko Larabawan garin ba su ji. Alhamis da Juma'a ake hutu a lokacin, saboda haka daga la'asar zuwa magariba ɗakin yakan cika da maginan Maraɗi da Damagaram da Agadas, da 'yan Najeriya masu jiran motar arewa, wani lokaci har da Buzaye biyu uku a can baya da rawunansu. Laminu ke da hannu. Shi ke jan wuta, shi ke goge kan mashin da tsumma da turare idan hoto ya fara rawa, shi ke liƙe kaset ɗin da ya tsinke. Ni kuma ke da baki. Nakan tsaya a gefen tele in fassara. Ku sani ban san harsunan ba, Faransancin aji huɗu gare ni da Larabcin kasuwa. Nakan kalli fim sau biyu tukuna, in duba fuskoki, in ƙaga abin da ya kamata su ce, in ba kowa sunan Hausa da muryarsa. Da safe wajen shan kunu nake gwada muryoyin a gaban Barira, tana wanke-wanke tana gyara mini.

"Mace ba ta faɗin haka, Malam," takan ce. "Ka sa ta ce masa ya je ya tambayi uwarsa."

Laminu, wanda a gidanmu yake cin abinci safe da yamma, sai ya girgiza kai daga bakin ƙofa.

"Wata rana mai jin harshen zai shigo ya tona mana asiri, Mutari, mu koma ɗaukar bulo."

"To ka fara ajiye ƙarfinka, Yaya," in ji Barira. "Ƙara kunun."

Haka gidan yake. Ban taɓa zama a gida mai daɗi kamarsa ba, har wannan da na gina da kaina.

Fim ɗin da kuka yi wa dariya ya zo a ƙasan wani kwali, takardar jikinsa ta ɓare. Mu muka sa masa suna Mai Ƙwanƙwasa. Kun san labarin: mutum ɗaya a babban gida, kullum da yamma a ƙwanƙwasa masa ƙofa, ya buɗe ba kowa, sai sawun taɓo a ƙasa, kowace rana sawun ya ƙara matsowa ciki. A ƙarshe mataccen ya tsaya a ƙofar da kansa, ya yi doguwar magana, leɓɓansa na motsi a hankali. A shekarar farko na sa shi ya ce maigidan ya ci masa gona, ya zo karɓa. Wannan kaɗai ya isa. Ƙattin da ke ɗaukar buhun siminti biyu a kafaɗa sukan matsa jikin juna, ka ji wani yana karanta addu'a ƙasa-ƙasa, na ga Buzu ya ja rawaninsa ya rufe ido ɗaya. Idan aka tashi suka fito, ga rana ba ta ko faɗi ba, amma bibbiyu suke tafiya. Laminu kuwa duk ranar da za a sa shi, sai ya daidaita mashin ya fita, ya zauna a waje da kayan shayinsa har a gama.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tsokane shi a kan haka. Na ce namiji kamarsa yana gudun fatalwar gilashi. Bai yi dariya ba. Ya ce in zo mu taka. Muka gangara cikin busasshiyar koramar da ta ratsa garin, muka yi nisa da mutane, ya zauna a kan wani dutse ya fara magana yana kallon ƙafafunsa. Ya ce kwana huɗu suka yi a gindin kamyon da ya lalace, ruwa ya kusa ƙarewa. Masu ƙarfi suka yanke shawarar su bi sawun motoci da ƙafa su nemo taimako. Aka bar marasa lafiya uku a inuwar motar, har da Sha'aibu. Ya ce yaron ya riƙe masa ƙafar wando ya ce, Yaya kada ka tafi, in ka tafi ba za ka tarar da ni ba. Shi kuma ya ɓamɓare hannun, ya ajiye masa rabin galan na ruwa, ya ce kafin azahar zai dawo. Sai a rana ta uku suka samu motar da ta yarda ta koma da su. Biyun suna nan a inuwar sun cika. Sha'aibu ba ya wurin. Can gaba suka same shi, tafiyar kamar daga nan zuwa kasuwa, a kan hanyar da suka bi.

"Sawuna ya bi, Mutari," ya ce. "Da gwiwa ya bi shi. Na ga shaidar a rairayi."

Na ce ƙaddara ce, da bai tafi ba da dukansu sun mutu.

"Na san duk wannan. Ban gaya maka don ka lallashe ni ba. Na gaji da ɗaukarsa ni kaɗai ne. Amma Barira kada ta ji."

Na rantse masa da Allah, hannuna cikin nasa.

Shekara biyu na riƙe wannan magana. A cikinsu garin ya canza. Farantan parabol masu kamo tashoshin waje suka fara tsirowa a kan rufin gidaje, mai gidan shan gahawa na bakin titi ya sa nasa, ga ƙwallon Turai, ga finafinai sababbi masu launi da ƙara da jini. Samarinmu suka gano wurin. Waɗanda suke zuwa namu kuma sun zo da sabon ido. Ranar da na fara jin dariya a tsakiyar Mai Ƙwanƙwasa, na ɗauka wani ne ya yi atishawa. Illa ne, wani magini ɗan Maraɗi, mai baki kamar reza. Da mataccen ya bayyana a ƙofa, ya ɗaga murya.

"Mutari, fatalwarka daga gidan biredi ta fito? Ka ce ta karkaɗe garin mu samu na tuwo."

Ɗakin duka ya kwashe. Wani ya nuna zaren kujerar, wanda ni kaina ban taɓa lura da shi ba sai ranar. Na ci gaba da fassara, amma ba mai ji. Kun ga ke nan dariyarku ba sabuwa ba ce. Tun a wancan lokaci fim ɗin ya riga ya tsufa, ni ne ban yarda ba.

Na koma gida a fusace. Barira tana da cikin Nasiru a lokacin, wata shida. Ta saurare ni har na gama, ta ce in sayar da tsofaffin kaset ɗin, mu ma mu sa parabol mu nuna ƙwallo kamar kowa.

"Ƙwallo ba ta bukatar mai fassara," na ce.

"To ashe ba ɗakin kake wa kuka ba, Malam. Kanka kake wa."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ji haushi. Abinci bai yanke mana ba, ɗakin yana cika da finafinan Indiya. Abin da na rasa shi ne shirun nan, na mutum arba'in da numfashinsu yake hannuna. Na saba da shi kamar yadda mai shan taba yake sabawa. Duk makon na yi ina neman maganar da zan sa a bakin mataccen wadda ba wanda zai iya yi wa dariya. Na gwada gona, na gwada gado, na gwada matar da aka ƙwace. Duka na ji su kwali ne kamar watan da ke taga. Magana ɗaya ce a cikina da na san tana da nauyi, kuma ba tawa ba ce.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ban shirya ba, bakina ne ya zame. Na kuma daɗe ina cewa ban san yana cikin ɗakin ba. Ina rubuta muku ne don in daina waɗannan ƙarairayi biyu. Tun ranar Laraba na tsara kalmomin, shi ya sa a wannan makon ban gwada su gaban Barira ba. Ranar Juma'ar kuma, ana tsakiyar fim hoton ya fara tsalle, Laminu ya bar shayinsa ya shigo ya tsuguna a bayan ganga, ya riƙe wayar wutar da hannu don ta zauna. Kafaɗarsa tana taɓa gwiwata. Ina da lokacin da zan koma kan maganar gona. Na kalli Illa a sahun gaba, ya riga ya fara murmushi, bakinsa a buɗe yana jiran mataccen ya fito. Na ce a raina ai ba zan ambaci suna ba, ai labarin hanya kowa yana da irinsa. Ƙofar ta buɗe, leɓɓan suka fara motsi, na sassauta muryata na mai da ita ta yaro mai ƙishirwa.

"Yaya, ka ce kafin azahar za ka dawo. Na jira azahar. Na jira la'asar. Ruwan ya ƙare, Yaya. Na bi sawunka. Da gwiwa na bi shi."

Na samu shirun da nake nema. Ban taɓa jin irinsa ba. Murmushin Illa ya bushe a fuskarsa, wani a baya ya ce inna lillahi, domin kusan duk wanda ke ɗakin ta hanyar nan ya zo, kuma da yawansu sun ga abin da ba su gaya wa iyayensu ba. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Daɗin ya kai tsawon numfashi uku. Sai hoton ya ɗauke, ɗakin ya yi baƙi ƙirin, don Laminu ya saki wayar. A cikin duhun na ji muryarsa a gindin ƙafata, irin muryar da ban taɓa jin ya yi ba.

"Na dawo! Wallahi na dawo, Sha'aibu! Mota ce ban samu ba!"

Wani ya fizge bargon taga, hasken la'asar ya shigo. Kowa ya gan shi a durƙushe da hannuwansa a ka. Kowa ya san sunan ƙanensa da ya rasu a hanya. Ba wanda ya bukaci fassara. Ya miƙe a hankali, ya ratsa mutane suna ba shi hanya, bai kalle ni ba. A waje butar shayinsa tana kan gawayi tana tafasa tana zuba.

Ban bi shi ba. Na tsaya ina naɗe tabarmi, ina share ɗakin da ba ya bukatar shara, har aka kira magariba. Da na isa gida na tarar da Barira zaune a tsakar gida, kwanukan abinci uku a rufe a gabanta. Laminu ya riga ni. Daga ɗakin bidiyon nan ya zo kai tsaye, ya gaya mata komai da bakinsa, don kada ta ji a bakin matan unguwa. Ya nemi gafararta ya tafi. Na tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo. Da ta yi magana, ba ta ɗaga murya ba.

"Ni na yafe masa tun bai rufe baki ba. Da ni ce a wurin, ban san abin da zan yi ba. Shi ƙishirwa ta tsare shi, rana ta tsare shi. Kai me ya tsare ka, Malam?"



Da safe na je ɗakin Laminu na tarar a buɗe, ba tabarma ba jaka. Maƙwabcinsa ya ce ya hau motar masu kawo kayan lambu, bai faɗi inda za shi ba. Ga kuma abin da ya fi mini wuyar rubutawa. Labarin ya bazu a wuraren gini, Juma'a ta gaba ɗakin ya cika har mutane suna tsaye a waje, suna cewa a sa musu fim ɗin Yaya. Na sa. Na maimaita kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya. Na ce wa kaina abin da ya faru ya riga ya faru. Juma'a uku na yi haka. A ta ukun, bayan an watse, Illa ya tsaya. Shi da ya fara dariyar.

"Mutari, ni ma na binne abokin tafiya da hannuna a hanyar nan," ya ce. "Ya isa haka. Ka bar mana matattunmu su kwanta."

A cikin watan na sayar da tele da mashin da kwalayen kaset duka, na buɗe ɗan butik, kantin nan da kuka tashi kuka gani. Barira ba ta yi yaji ba, ba ta hana ni abinci ba, ba ta taɓa tayar da maganar a gaban kowa ba. Ta haifi Nasiru, ta haifi sauranku, ta riƙe ni da mutunci shekara ashirin da wani abu. Amma daga ranar, idan na fara ba da labari a tsakar gida ina sauya murya, sai ta tuna tana da aiki a kicin. Kun sha tambaya me ya sa mamarku ba ta dariyar labaran babanku alhali kowa yana yi. To ga dalilin.

Bayan kusan shekara muka ji yana Hirafok, wani ƙauye a cikin duwatsun arewa, yana aikin lambu wurin wani tsohon Buzu. Barira ta je sau biyu da goyo a bayanta, tafiyar wuni a bayan mota. Ya karɓe ta da murna, ya ɗauki Nasiru ya yi masa addu'a, ya cika mata buhu da busasshen ɓaure, amma ya roƙe ta kada ta zo da ni. Duk sunan da aka yi muka aika masa, shi kuma ya aiko da albasa da alkama da gaisuwa. Sai da aka shekara bakwai, bayan an shiga shekarar dubu biyu, na ce mata ko zai kore ni sai na je. Ta dube ni ta ce in shirya.

Mun isa da hantsi. Muka same shi a tsakiyar lambu da fartanya, yana buɗe wa ruwa hanya daga wannan fage zuwa wancan. Ya rame, ya yi baƙi, ya naɗa rawani irin na mutanen wurin, gemunsa ya yi fari alhali sa'ana ne. Ya rungumi ƙanwarsa. Ni kuma ya miƙo mini hannu, ya riƙe nawa sosai, ba kamar mai fushi ba. Na yi shekara bakwai ina tsara abin da zan ce, na haddace shi a mota. Na buɗe baki na ce, "Laminu, ni dai…" Bai bari na ƙarasa ba. Ya ɗaga hannu.

"Don Allah, Mutari, kada ka yi magana."

Na yi shiru. Ya juya ga Barira, kamar ita ce mai fassara a tsakaninmu.

"Ƙanwata, ki gaya wa mijinki na yafe masa, tuntuni, duniya da lahira. Har ma ya sauke mini kaya, tunda yanzu kin sani. Amma da can idan na tuna yaron nan, da muryarsa nake jin sa. Yadda yake kiran sunanki, yadda yake dariya ta hanci. Tun ranar Juma'ar nan, duk sanda ya zo mini, da muryar Mutari yake magana. Na nemi tasa na rasa. Ita kaɗai ta rage mini, ba hoto ba kabarin da zan iya ganewa."

Barira ta rufe fuska da mayafi. Ni ban san inda zan sa idona ba. Akwai wata fartanya a jingine da bishiyar ɓaure, na tuɓe babbar rigata na ɗauka. Ya dube ni, ya nuna mini fagen tumatir da haɓa. Muka yi aiki tare har la'asar, yana buɗe ruwa ina toshewa. Ya ba ni salla muka yi, ya dafa shayi ya miƙo mini kofin farko. Yana hira da ƙanwarsa, yana tambayar ku ɗaya bayan ɗaya, ni ina zaune ina gyaɗa kai. Da motar komawa ta zo ya raka mu, ya ce wa Barira in na so in riƙa zuwa.

Na riƙa zuwa. Duk shekara lokacin nunar ɓaure nakan rufe butik kwana biyu, in ce muku na tafi saro kaya. Shekara shida na yi haka, kuma a cikinsu ban furta kalma ɗaya a gabansa ba, ko sallama da hannu nake yi. Mutanen ƙauyen sun ɗauka bebe ne surukinsa, shi ma bai gyara musu ba. A shekara ta bakwai saƙon rasuwarsa ya riga ni tashi, ciwon ƙirji na kwana biyar. Mun kai ana shirin ɗaukarsa. A bakin kabarin, da liman ya ce kowa ya yi masa addu'a, mutane suka ɗaga hannu suna faɗa a fili, da Larabci da Buzanci. Ni a zuci na yi tawa.